Tarwaɗa, daga Kogin Kaduna zuwa tankin tsakar gida: tambayoyi da amsoshi

Duk mazaunin Kaduna ya san tarwaɗa, ko a kwanon farfesu, ko a baho tana watsal-watsal a bakin kasuwa, ko a naɗe baƙi wuluk a tiren mai banda. Amma sanin ɗanɗano daban, sanin hali daban. Tambayoyin nan na tsinto su ne daga bakin masu kiwo, da ɗalibai, da matan gida masu son sanin abin da suke sa wa a tukunya. Wasu amsarsu gajeriya ce. Wasu kuwa sai da na zauna, domin a cikinsu labarin yake.

Wace ce tarwaɗa a wajen masana, kuma ina ne asalinta?

'Yar gida ce, ba baƙuwa ba. Sunanta a littattafan kimiyya Clarias gariepinus. Wani Bature ɗan Ingila mai yawon binciken tsirrai da dabbobi, William Burchell, shi ya raɗa mata rabin sunan na biyu a 1822, ya ɗauko shi daga Gariep, tsohon sunan kogin Orange na Afirka ta Kudu. Sunan ne kawai na kudu. Ita kam ta cika nahiyar, daga Nilu zuwa Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, har ta tsallaka Urdun da Siriya da kudancin Turkiyya. Da wuya ka sami kifin ruwan daɗi a Afirka da ya kai ta faɗin ƙasa.

Tana da 'yar'uwa, Clarias anguillaris, da suke zaune tare a kogunanmu. Masunci ba ya wahalar da kansa, duka biyun tarwaɗa yake ce musu. Masani ma sai ya buɗe kai ya ƙirga tsinkayen da ke jere a matatar numfashi kafin ya raba su, domin ta farkon ta fi yawan tsinkaye.

Duk kifi mai gashin baki tarwaɗa ne?

A'a. Dangin masu gashin baki sun haura iri 3,000 a duniya, kuma ko a Kogin Kaduna kaɗai akwai da yawa. Abin da za ka duba shi ne fiffiken baya. Na tarwaɗa dogo ne guda ɗaya, ya taso daga bayan kai har kusa da wutsiya, wutsiyar kuma zagayayyiya ce. Ramboshi yana kama da ita sosai, amma fiffikensa ya tsaya a tsakiya, sai wata tsokar kitse marar ƙashi ta ɗora har wutsiya. Ragon ruwa ya fi haske, wutsiyarsa ta rabu biyu. Ƙurungu gajere ne mai taurin kai, in ka kama shi sai ya yi ta gurnani, ƙarar kuwa daga ƙayar gefensa take fitowa yayin da yake goga ta a gindinta. Wasu ƙurungun ma a rigingine suke iyo.

Sai minjirya, wadda ba ta da fiffiken baya ko kaɗan sai 'yar tsokar kitse kusa da wutsiya. Ita ce mai jan wuta. Babba tana iya sakin lantarki da ya kai kusan bolt 350, kuma duk yaron da ya taɓa lalube a ramin gaɓa ya ci karo da ita ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Masu ƙyanƙyasa suna haɗa ƙwan tarwaɗa da maniyyin ramboshi su fitar da ruwa-biyu mai saurin girma. Saboda haka in ka ga kifin kiwo da fiffiken tarwaɗa amma da ɗan guntun kitse a ƙarshensa, ba tawaya ba ce, gadon uba ne.

Me ya sa take daɗewa ba ta mutu ba bayan an fitar da ita daga ruwa?

Wannan ta fi kowace tambaya zuwa, kuma amsarta ce mabuɗin sauran. Je kasuwar Kawo ranar Talata ka tsaya wajen mai kifi. Karfasar da aka kamo da asuba ta riga ta sandare, ido ya yi fari. Tarwaɗa kuwa tana cikin rabin durom, ruwan bai ko rufe bayanta ba, an yafa mata jiƙaƙƙen buhu, amma har la'asar in ka taɓa ta sai ta watsa maka ruwa a riga.

Sirrin yana cikin kai. Ran da za a yi farfesu a gida, ka roƙi uwargida ta ba ka kan kafin ya shiga tukunya. Ɗaga murfin kunnen, za ka ga jajayen matatun numfashi irin na kowane kifi, masu tsotse iskar oksijin da ta narke a ruwa. To leƙa sama da su, can cikin wani ɗan kogo, za ka ga jan nama mai rassa-rassa, kamar 'yar ƙaramar kuka da ta zubar da ganye a rani. Biyu ne a kowane gefe, na bayan ya fi girma. Cike yake da siraran jijiyoyin jini, kuma aikin huhu yake yi. Tarwaɗa ta taso sama, ta kurɓi iska da baki, iskar ta shiga kogon, jini ya ɗauki rabonsa, ta fesar da saura ta koma ƙasa. Wannan ɓul-ɓul ɗin da kake ji a tanki cikin dare, numfashi ne.

Sharaɗi ɗaya ne: kada jikinta ya bushe. Ba ta da ɓawo, fata ce tsirara da yauƙi ya lulluɓe, kuma yauƙin shi ne rigarta, shi ke riƙe danshi, shi ke tare ƙwayoyin cuta. A inuwa da laima tana iya yin awanni da yawa. A rana tsaka kan siminti ba za ta kai ko'ina ba.

Abu biyu kuma da mutane ba su cika sani ba. Na farko, tarwaɗa tana iya nutsewa ta mutu. In ruwa ya lalace kuma ta maƙale a raga can ƙasa ba ta samu ta taso ba, ta tafi ke nan. Na biyu, ba a ƙyanƙyashe ta da wannan jan naman, sai a makonnin farko yake tsirowa. Shi ya sa uwa take rayuwa a taɓo, amma 'ya'yanta 'yan kwana biyar in ruwa ya tsaya musu dare ɗaya a ɗakin ƙyanƙyasa, da safe sai kwasa.

Muna yara an ce mana kifi na faɗowa daga sama tare da ruwa. Akwai ƙamshin gaskiya?

Ni ma na tsinci tarwaɗa a kan hanyar gona bayan ruwan dare, nesa da rafi, kuma na rantse daga sama ta faɗo. Da ƙafarta ta zo, in ana iya kiran abin ƙafa. A fiffikenta na gefe biyu akwai ƙaya mai ƙarfi. Tana kafa ta dama, ta murɗa jiki, ta kafa ta hagu, ta sake murɗawa, haka take jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Da dare take yi, bayan ruwa mai ƙarfi, lokacin da ƙasa ta jiƙe kuma rana ba ta nan.

Mai kiwo ya riƙe wannan. In tankinka ya cika ya kusa baki aka yi ruwan Agusta, da safe a kwata za ka tsinci jarinka, ko a gidan maƙwabci. Rage ruwa, ka rufe da raga.

In kududdufi ya ƙafe ƙaf a rani, tana shiga ƙasa ta jira damina?

Nan ana haɗa ta da gaiwa. Gaiwa ce mai huhu na gaske, ita ke haƙa rami a laka, ta naɗe kanta cikin kwanson yauƙi, ta bar 'yar ƙofar iska, ta kwanta wata da watanni tana cin jikinta, har Hausawa suka mai da abin karin magana. Tarwaɗa ba ta da wannan baiwar. Tana iya lafewa a taɓo muddin da danshi, amma ran da laka ta tsage, kwananta ya ƙare, in ma zalɓe da yara ba su riga sun gama da ita ba.

Mene ne amfanin gashin bakin?

Guda 8 ne: biyu a hanci, biyu dogaye a gefen baki, huɗu a haɓa. Ba gashi ba ne, nama ne mai rai, cike da abin ɗanɗano da na taɓawa. Kai, har fatar jikinta tana ɗanɗano. Dubi ruwan Kogin Kaduna a watan Yuli, ja kamar kunun kanwa, ko hannunka ka tsoma ba ka gani. Ido ba ya aiki a irin wannan ruwa, shi ya sa nata ƙanana ne. Da gashin bakin take share ƙasa tana gane tsutsa daga tsakuwa. Ji ma tana da shi sosai, domin akwai wasu 'yan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar cikinta da kunnen ciki. Tun kana nesa ta ji takunka. Kifin tanki yakan saba da takun mai ba shi abinci, ya taso tun bai gan shi ba.

A ina take zama a Kogin Kaduna, kuma yaushe aka fi samunta?

Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kusan kilomita 550, ya ratsa tsakiyar garin nan, ya wuce madatsar Shiroro da aka buɗe a 1990, ya bi ta Zungeru, ya faɗa Kwara daura da Pategi. A hanya yana karɓar Galma daga wajen Zariya, da Mariga can ƙasa. Kogi ne mai fuska biyu. A Maris ka tsaya kan gada, duwatsu ne da yashi da 'yan guraben ruwa, yara na wasa a tsakiyarsa. A Agusta da Satumba kuwa, mutanen Kabala da Unguwar Rimi da Nasarawa sun san abin da yake iya yi, ambaliyar 2003 da ta 2012 ba su manta ba.

Duk jikin tarwaɗa an gina shi ne don irin wannan kogi mai cika da ƙafewa. A rani tana tattaruwa a gurbi mai zurfi, ƙarƙashin dutse, cikin saiwar bishiyar gaɓa, ko a madatsu irin Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi. Ruwan yakan yi zafi, iskarsa ta ragu, sauran kifaye su galabaita, ita kuwa ta taso ta kurɓi iska ta koma ta cinye su. Da ruwa ya fara hawa sai ta bar uwar kogi ta bi ƙananan rafuka da kwaruruka ta fantsama cikin fadama.

Na taɓa tambayar wani dattijon masunci da ke gyaran koma a ƙarƙashin mangwaro, na ce, "Baba, kwana biyu ba tarwaɗa a kasuwa, ina suka shiga?" Bai ɗago ba ya ce, "Yaro, ruwa ya hau ciyawa. Ka neme su a gonar shinkafa." Littafi ma abin da ya ce ke nan, sai dai ya fi Baba yawan magana.

Kamu ya fi yawa a lokaci biyu: farkon hawan ruwa da suke tururuwar fita, da kuma kaka zuwa rani da ruwa ke janyewa ya bar su a tafkuna. Da dare aka fi samunta, da ƙugiya mai tana ko hanjin kaza, ko da gura.

Maƙiyanta a dawa su ne kada, wanda aka fi cewa daga jam'insa garin ya samo suna, sai guza da karen ruwa da manyan tsuntsayen bakin kogi. Ƙananan kuwa kwaɗo ma abokin gaba ne.

Yaya take hayayyafa?

Ruwan sama ke ba ta izini. Ƙwai yana nan a cikinta ya ƙosa, amma ba ta saki sai ruwa ya tashi ya rufe ciyawar gaɓa. Da dare ake yi, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Mazan sukan yi faɗa sosai tukuna. Wanda ya yi nasara ya lanƙwashe jikinsa ya zagaye kan macen, ta saki ƙwai, ya saki maniyyi, ta kaɗa wutsiya ta watsa su. Ƙwan ƙanana ne kamar gero, masu danƙo, suna manne wa ciyawa. Mace mai kilo ɗaya tana iya zuba dubun-dubata.

Daga nan uwa da uba kowa ya kama gabansa. Babu sheƙa, babu gadi. Kwatanta da karfasa, wadda uwar ke ɗauke ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa da yawa take fansar sakacinta. In ruwa na da ɗumi, ƙwan yakan fashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. Jaririn yana ɗauke da ɗan ƙunshin gwaiduwa a ciki, shi yake sha kwana 3 zuwa 4, sannan ya fara farautar ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai. Fadamar da ta sha ruwa tana cike da su, ga ciyawar ɓuya. Saboda haka duk fadamar da aka cike da ƙasa aka kafa gida, ba hanyar ruwa kaɗai aka toshe ba, ɗakin haihuwar kifi aka rushe.

To me ya sa tawa ta shekara biyu a tanki ba ta taɓa haihuwa ba?

Domin tanki ba ya ambaliya. Cikinta zai cika da ƙwai, amma alamar da take jira ba za ta zo ba. Masu ƙyanƙyasa sai su yi mata allurar sinadarin haihuwa, irin su Ovaprim, ko kuma su cire wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wani kifin su niƙa su yi allurar da ita. Bayan kamar awa 8 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a riƙe ta da tawul a matsa cikin a hankali, ƙwan ya zubo a busasshiyar roba. Namijin ne abin tausayi. Nasa ba ya matsuwa, yawanci sai an yanka shi an ciro 'ya'yan marainan an tsaga. A gauraya, a zuba ruwa kaɗan, cikin minti ɗaya zuwa biyu magana ta ƙare, sai a shimfiɗa ƙwan a kan raga cikin ruwa mai gudana.

Aiki ne na gani da ido. Mai son koya ya je ya zauna da wanda ya iya, ko ya nemi horo a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya da ke New Bussa, ko wajen malaman faɗakar da manoma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Yaya ake gane mace da namiji?

Juya cikin sama, ka duba bayan dubura. Namiji yana da ɗan tsiro mai tsini. Ta mace zagayayyiya ce, in ta ƙosa takan yi ja, cikin kuma ya yi taushi. Sai sun ɗan tasa ake ganewa.

Me take ci? An ce har junansu suke ci.

Tambayi abin da ba ta ci, zai fi sauƙin lissafi. Ƙwari, tana, katantanwa, ƙaguwa, kwaɗi, ƙananan kifaye, 'ya'yan itacen da suka faɗo ruwa, hatsi, mushe, har ɗan tsuntsun da ya yi ganganci. Bakinta faffaɗa ne, haƙoran kuma ƙanana ne birjik kamar sanfefa, ba na yanka ba ne, na riƙewa ne. Ba ta tauna, zuƙa take ta haɗiye. Tsinkayen matatar numfashin nan kuma suna tace ƙananan halittu in babban abinci ya yi wuya. A kogin Okabango na ƙasar Botswana, in ruwa ya fara janyewa, sukan haɗu garke guda su kora ƙananan kifaye cikin ciyawa suna ci, tsuntsaye na bin su a sama.

Cin juna kuwa gaskiya ne, kuma shi ne ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. Cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wasu kan yi wuf su fi saura girma, masu kiwo na ce musu shuta. Da kan ƙaninsa ya iya shiga bakinsa, shi ke nan. Mutum ya zuba fingalin, wato 'ya'yan kifi masu tsawon yatsa, guda dubu, bai ga gawa ko ɗaya ba, ranar kwasa ya ga lissafi bai cika ba, sai ya fara zargin yaron gida. Kafin ka zargi kowa, dubi waɗancan ƙattin guda goma da ke kwance a kusurwa. Maganin shi ne ware su bisa girma duk bayan mako biyu a watannin farko, da ba da abinci a kan lokaci.

Kifina sun daina cin abinci tun shigowar hunturu. Ciwo ne?

Mai yiwuwa sanyi ne kawai. Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa, zafin ruwa shi ne nasa. Tarwaɗa ta fi girma a digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. In ruwa ya sauko wajen 20, cikinta ya yi sanyi, narkewar abinci ta ja baya. A Kaduna kuwa daren Disamba da Janairu yakan sauko 15 ko ƙasa da haka, tankin roba ko na tamfol da ke fili kuma ba ya riƙe ɗumi.

Fita da asuba ka duba. Ruwan ya yi lif, ƙura ta kwanta a kai, kifin sun taru a ƙasa kamar an jera itace. Ka watsa abinci, ya yi ta yawo ba mai kula shi. Kada ka ƙara. Wanda ba a ci ba ruɓewa zai yi ya ɓata ruwa. Jira rana ta ɗaga, wajen azahar, ka ba su kaɗan. Ƙara zurfin ruwa, ka rufe tankin da leda da dare amma ka bar kafar iska. In za ka canza ruwa, wanda ya fito kai tsaye daga rijiyar burtsatse ya fi wanda ya kwana a tankin sama ɗumi. Masu ƙyanƙyasa da yawa a Arewa hutu suke ɗauka a wannan lokaci, ko su ɗumama ɗaki, don ƙwai ba ya fashewa da kyau a sanyi.

Iya girmanta nawa?

Mafi girma da aka rubuta ta kai wajen mita 1.7 da kilo 60, amma irin wannan sai manyan koguna da madatsu, kuma sai an yi shekaru ba a taɓa ta ba. Takan rayu shekara 8 ko fiye. A kiwo, da iri mai kyau da abinci isasshe, kilo ɗaya cikin wata 5 zuwa 6 abu ne da aka saba gani. Wannan saurin girma da juriyar cunkoso su suka sa Najeriya ta zama kan gaba a Afirka wajen kiwonta, su kuma suka kai ta Holan da Indonesiya da Brazil. A Indiya ma har haramta kiwonta aka yi, don in ta tsere ta shiga kogi cinye kifayen ƙasar take.

Tunda tana rayuwa a taɓo, dole ne sai na riƙa canza mata ruwa?

Wannan tunanin ya kashe kifi fiye da kowace cuta, ni ma da shi na fara. Wanda ya sayar mini da 'ya'yan kifi na farko ya ce, "Alhaji, tarwaɗa ai ba ta mutuwa, ko a kwata ka sa ta za ta yi." Na ɗauka. Sati uku ban taɓa ruwan ba, ya koma kore, ya koma baƙi, maƙwabta suka fara toshe hanci. Wata safiya na tarar da su a tsaitsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakin ya gutsuttsure, fata ta yi fari-fari. Fiye da rabi suka tafi.

Jan naman kanta matsala ɗaya yake warwarewa, ita ce ƙarancin iska. Ba ya maganin guba. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta matatar numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci ma suna ƙara ta. A fadama ruwa na da faɗi, ga tsirrai da ƙasa suna shanyewa, kifin kuma ba su da yawa, in wuri ya ɓaci ma ta ja ciki ta bar shi. A tanki ina za ta? Amoniya ta ƙona matatar, ta cinye yauƙi, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Tun kafin ta kashe, ta riga ta tsayar da girma, kana zuba abinci mai tsada kifi na nan jiya i yau. Taɓon dawa daban, ruwan masai daban.

Hancinka ma'auni ne: in ruwa ya fara wari, ka makara. Rage wani kaso ka ƙara sabo a kai a kai, gwargwadon yawan kifi da abincin da kake zubawa. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe, saboda kulorin. In ka ga ƙashin kai yana tsagewa, wannan yawanci ƙarancin bitamin C ne a abincin da aka haɗa a gida.

Ta kogi da ta kiwo, wacce ta fi?

A baki, ni ta kogi nake zaɓa: namanta ya fi tauri, kitsenta kaɗan, kuma ta fi riƙe jikinta a miya. Ta kiwo ta fi maiƙo, ta fi dacewa da gashi da banda. Amma a lafiya, tambayar ita ce daga wane ruwa. Tarwaɗa mai kiwon ƙasa ce, kuma mai cin wasu kifaye, don haka duk dattin da ya kwanta a laka yana iya taruwa a jikinta, musamman hanta. Wadda aka kama a bakin magudanar da ke kwaso ruwan masana'antu da na unguwanni ba ɗaya take da ta Kangimi ba. Juriyarta a nan illa ce gare mu, domin tana rayuwa a ruwan da ya kashe sauran kifaye, ta iso kasuwa da ranta.

Akwai kuma masu zuba guba a gurbi a rani, da majimfa ko maganin ƙwari, su kwashe babba da yaro. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana wannan, ta hana nakiya ma. Kifin da ka gani tuli guda, duk matattu, manya da ƙanana, jiki ya saki, ka wuce. Ta kiwo kuma matsalarta mai ɗura mata maganin rigakafi ya sayar washegari, da mai ciyar da ita mushen kaji ɗanye. Sayi mai rai, mai kuzari, mai cikakken gashin baki, daga hannun wanda ka sani.

Kifi marar ɓawo ya halatta?

A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan, dabbar ruwa halal ce, da ɓawo ko babu, bisa aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. Yahudawa da mabiya mazhabar Ja'afariyya ne ba sa cin marar ɓawo. Wasu gidaje kuma ƙyama ce kawai ta yauƙi, wanda toka ko lemun tsami ko ruwan zafi ke fitarwa tas.

Ƙayarta ta soke ni, hannu ya kumbura. Tana da dafi ne?

Zafin yana zuwa ne daga yauƙin da ke jikin ƙayar da dattin ruwan da ta tura cikin nama. Wanke wurin da sabulu, ka bar jini ya ɗan fita, ka tsoma hannun a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa na kamar rabin awa. In guntun ƙaya ya karye a ciki, ko kumburi ya ƙaru washegari, ko ka daɗe ba ka yi allurar tetanus ba, tafi asibiti, kada ka tsaya shafa man fetur.

Gaba kuma ka kama ta yadda masu sayarwa ke yi: tafin hannu a kan ƙeyarta, babban yatsa a bayan ƙaya ɗaya, manuni a bayan ɗayar, ko ka jefa mata buhu tukuna, in idonta ya rufe takan lafa. Ta tarwaɗa ma da sauƙi. Ta ƙurungu ce mai haƙora kamar zarto, tana shiga ta ƙi fita, shi ya sa masunci da ya ciro shi daga raga yake fara karya ƙayoyinsa uku kafin ya jefa shi cikin kwalekwale.